Shirin Lafiya ga Matafiyi zuwa Chadi da Arewacin Kamaru

Shirin lafiyar matafiyi shi ne rigakafi da magunguna da takardun da mutum ke tanada kafin ya shiga wata ƙasa. A yankin Tafkin Chadi batun ya shafi 'yan kasuwa da direbobi da masu ziyarar dangi da ke kai-kawo tsakanin Garwa, Marwa da Kuseri na Kamaru da Injamena ta Chadi, musamman masu tsallaka gadar Ngeli a kan kogin Logon.

Takardar da aka fi tambaya a iyaka ita ce katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa. Kamaru na neman sa ga masu shigowa, Chadi ma haka ga wanda ya fito daga ƙasar da cutar ke yaɗuwa. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allura, don haka wanda aka yi wa ita ana gobe tafiya bai cika sharaɗi ba. Tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, ko da tsohon kati ya nuna shekara 10.

Sai dai abin da ya fi kwantar da baƙo a nan zazzaɓin cizon sauro ne, wanda babu jami'in da ke tambayar takardarsa. Yana tsananta da damina. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne 'yan asalin yankin da suka daɗe a Turai ko Amurka, da 'ya'yan da suka haifa can: garkuwar da jiki ya samu tun ƙuruciya takan ragu idan mutum ya jima ba ya ƙasar sauro, shi kuwa yana ganin gida ya dawo. Likita kan ba irin waɗannan maganin kariya da za su fara sha kafin tashi, su ci gaba bayan komawa. Gidan sauro mai magani wajibi ne. Idan jiki ya yi zafi a yi gwajin jini tukuna. Klorokwin ya daina aiki a kan ƙwayar cutar da ta fi yawa a yankin.

Da rani, daga Disamba zuwa Yuni, sanƙarau ke barazana. Maniyyata aikin Hajji sun san allurarsa, domin Saudiyya ba ta karɓar alhaji sai da ita. Zafin Afrilu a Injamena kan wuce digiri 40. Kwalara kuma ta sha ɓarkewa a kewayen tafkin, shi ya sa ake shan ruwan gora ko tafasasshe, a riƙe gishirin ORS, wanda ake jiƙawa a ba mai gudawa, a jaka.

Manyan asibitoci suna Injamena, Garwa da Marwa. A ƙauye ƙaramin asibitin sha-ka-tafi ake samu, wani lokaci ba likita. Galibi ana biya kafin a duba mutum, sannan ɗan jinya ya ɗauki takardar magani ya je kanti ya sayo har da sirinji da safar hannu. Kuɗin sefa ɗaya ƙasashen biyu ke kashewa, wanda ya sauƙaƙa wa mai tsallakawa. Da Faransanci ake rubuta takardun asibiti, saboda haka mai ciwon suga ko hawan jini ya taho da isasshen maganinsa a cikin kwalinsa na asali, da sunan sinadarin a rubuce, don sunan kamfani kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ƙwayoyin da ake tallarsu a faranti cikin kasuwa, rana na dukansu, ba a san asalinsu ba, kuma akwai jabu a cikinsu.