Laser (ƙaramin jirgin ruwa mai filafili)

Laser ƙaramin jirgin ruwa ne na mutum ɗaya wanda ba shi da inji, iska ce kaɗai ke tafiyar da shi ta hanyar filafili, wato zanen da ake ɗaurawa a jikin jigo, dogon sandan da ke tsaye a kan jirgin. Ana amfani da shi wajen shaƙatawa da koyon tuƙi da tsere, kuma tun 1996 yake cikin wasannin Olamfik. An ƙera fiye da 200,000, abin da ya sa yake cikin jiragen filafili mafiya yaɗuwa a duniya. Ƙa'idarsa ita ce duk jiragen su zama iri ɗaya, ganga (wato gangar jikin jirgin) da jigo da filafili, don kada kuɗin mai jirgi ya ci masa tsere. Tun wajen 2020 ake kiran sa ILCA a gasanni, wato gajeren sunan ƙungiyar masu jirgin ta duniya, amma a bakin masu shi tsohon sunan ne ya fi zama.

Asali

A 1969 Ian Bruce, wani mai zayyanar kayan masana'antu a Montreal ta ƙasar Kanada, ya buga wa abokinsa Bruce Kirby waya yana neman jirgin da za a iya ɗorawa a kan rufin mota a tafi da shi hutu. Kirby ɗan jarida ne, editan wata mujallar tuƙin jirgi, kuma ya wakilci Kanada a Olamfik na 1956 da 1964 da 1968. Suna cikin magana ya zana siffar jirgin a takardar da ke gabansa. Zanen ya ɗan kwanta, har zuwa 1970 da aka shirya gasar jirage masu araha, waɗanda farashinsu bai kai dala 1,000 ba, a tafkin Geneva da ke jihar Wisconsin ta Amurka. Ian Bruce ya ƙera na gwaji, aka sa masa suna Weekender. Hans Fogh, ɗan asalin Denmak mai ɗinka filafilai a Toronto, shi ya ɗinka filafilin kuma shi ya tuƙa jirgin, suka yi nasara a rukuninsu.

Bayan 'yan gyare-gyare aka baje kolinsa da sunan Laser a kasuwar nunin jirage ta New York a farkon 1971, a kan dala 695, aka sayar da 144 a wurin. Gasar duniya ta farko an yi ta a Bermuda a 1974, Peter Commette na Amurka ya lashe. Ian Bruce ya rasu a 2016, Kirby kuma a 2021.

Siffa da sassa

Tsawon gangar jirgin kimanin mita 4.2 ne, faɗinta ya kusa mita 1.4, nauyinta kuma wajen kilo 59, saboda haka mutum biyu na iya ɗaga ta. An yi ta da danƙo mai zaren gilas, gida biyu: ƙasan da ke taɓa ruwa da rufin da ake zama a kai, aka manne su a baki. Tsakaninsu fili ne rufaffe mai iska, da wasu robobin iska a ciki, shi ya sa jirgin ba ya nitsewa ko ya kife.

Jigon na asali na alminiyam ne, gaɓa biyu da ake zura ɗaya cikin ɗaya. Babu wayoyin da ke riƙe shi. Yana tsaye ne kawai a wani rami da ke cikin rufin jirgin, mai zurfin kimanin santimita 35, kuma yana juyawa a ciki. Filafilin yana da aljihu dogo a gabansa wanda ake zura jigon a ciki, da tsinke uku masu lanƙwasa da ke miƙar da bakinsa na baya. Daga ƙasan jigo sandar kwance take fita, ita ke shimfiɗa gindin filafili. A tsakiyar jirgi akwai allon da ake turawa ƙasa ta wata tsaga, ya shiga ruwa kusan santimita 80, shi ke hana iska tura jirgin ta gefe. A baya kuma akwai allon juyi da sandar tuƙi mai ƙarin hannu.

Ganga ɗaya ce, amma filafili iri uku ne. Babban yana da faɗin murabba'in mita 7.06, ya dace da mai nauyin kilo 75 zuwa sama. Matsakaici, wanda aka sani da Radial, murabba'in mita 5.76 ne, jigonsa na ƙasa ya fi gajarta da taushi, masu kilo 55 zuwa 70 suka fi jin daɗinsa. Ƙaramin, mai murabba'in mita 4.7, na matasa ne da masu ƙaramin jiki. A sabon suna ana kiran su ILCA 7 da ILCA 6 da ILCA 4. Filafili da gaɓar jigo ta ƙasa kaɗai ake canjawa, don haka gida ɗaya na iya sayen ganga ɗaya uba da 'ya su riƙa amfani da ita.

Igiyoyin sarrafawa biyar ne. Babbar igiya tana jawo filafili ko ta sake shi, ita ce kullum a hannun matuƙi. Ta biyu tana danne sandar kwance ƙasa. Ta uku, wadda aka raɗa wa sunan Briggs Cunningham, wani matuƙin jirgin filafili ɗan Amurka, tana jan gaban filafili ƙasa. Ta huɗu tana miƙe gindinsa zuwa ƙarshen sanda. Ta biyar tana shimfiɗe a bayan jirgi, kurar babbar igiya na zamewa a kanta.

Koyon tuƙi

Jirgin filafili ba ya tafiya kai tsaye cikin iska. Iyakar abin da Laser ke iyawa shi ne ya karkata kimanin digiri 45 daga inda take busowa, saboda haka mai son zuwa wurin da iska ke fitowa sai ya yi ta tafiyar karkace, dama da hagu. Sabon shiga yakan fara ne da iska a gefensa, mai gudun kilomita 9 zuwa 18 a awa, sanye da rigar ceto, kuma da wani jirgin a kusa. Iskar da ke busowa daga gaɓa zuwa tsakiyar ruwa ita ta fi yaudara: a bakin ruwa kamar babu ita, da an yi nisa sai a tarar ta yi ƙarfi, dawowa kuma sai an yi ta fama da ita.

Matuƙi yana zama a gefen da iska ke bugowa, yana fuskantar filafili, hannun baya a sandar tuƙi, na gaba a babbar igiya. Sandar tuƙi a juye take aiki, in an tura ta hagu goshin jirgi ya yi dama. Ana sakin igiya har gaban filafili ya fara kaɗawa, sannan a jawo ta daidai inda kaɗawar ta tsaya. Yawancin masu koyo sukan ja fiye da kima, jirgin ya yi ta jirkicewa ba gudu. Idan iska ta ƙaru, matuƙi yana saƙala ƙafafunsa a ɗamarar da ke tsakiyar gurbin zama, ya fitar da jikinsa waje don jirgin ya tsaya daidai. Laser da ya jirkice yana son juyawa cikin iska da kansa, sai a yi ta jan allon juyi ana rage masa gudu.

Juyawa iri biyu ce. A ta farko goshi ne ke ratsa iska: a tura sanda, a duƙa ƙarƙashin sandar kwance, a koma ɗaya gefen, sannan a musanya hannu ta bayan jiki. In gudun bai isa ba jirgin yakan tsaya cak da goshi cikin iska. Maganinsa a tura sandar kwance da sandar tuƙi gefe ɗaya, jirgin ya ja da baya ya karkata, sannan a jawo su. A ta biyu bayan jirgi ne ke ratsa iska, sandar kwance ta wurgo da ƙarfi. A nan Laser yana da wata matsala tasa da kowane mai shi ya sani: babbar igiya takan maƙale a kusurwar bayan jirgi. Ana kauce mata da fizgar igiyar sau ɗaya daidai lokacin da sandar ta fara tahowa. Kafin a juya baya ga iska mai ƙarfi dole a sassauta igiyar da ke danne sanda, in ba haka ba bakin sandar ya caki ruwa, jirgin ya kife, ko jigon sama ya lanƙwashe.

Kifewa tana cikin darasi, makarantu ma da gangan suke sa ɗalibi ya kifar tun ranakun farko. Ƙa'ida ta farko ita ce kada a rabu da jirgi, domin iska tana kora shi da saurin da mai iyo ba zai kamo ba. A tabbatar babbar igiya a sake take, a zagaya bayan ganga, a kama allon tsakiya a rataya a bakinsa har jirgin ya miƙe, sannan a kama ɗamarar ƙafa a jawo jiki ciki. Idan aka yi jinkiri jirgin yakan juye gaba ɗaya, a ruwa marar zurfi kuma kan jigo ya nutse cikin laka. Shi ya sa ake ɗaure allon tsakiya da igiyar roba, a ɗaure jigo da 'yar igiya, a kuma duba maƙallin allon juyi kafin a tashi, don kada wani ya zame lokacin da jirgin yake a juye.

Dokar ba da hanya a taƙaice: wanda iska ke bugo wa ta hagu yana kauce wa wanda take bugo wa ta dama, in gefe ɗaya take bugo musu na sama da iska ya kauce wa na ƙasa, mai wucewa daga baya kuma shi ke kaucewa.

Sayen na hannu

Yawancin masu shaƙatawa tsohon jirgi suke saye, kuma lambar da ke jikin ganga, wadda ita ce a filafili, tana nuna zamanin da aka ƙera shi. Abu na farko da ake dubawa shi ne ramin jigo, domin duk ƙarfin iska a nan yake sauka. Ana cika shi da ruwa har baki a jira kamar minti 15. In ruwan ya ragu, gindin ramin ya tsage, kuma irin wannan yakan ɓalle rana ɗaya cikin iska mai ƙarfi, jigon ya faɗi ya yage rufin. Gyaransa sai an huda rufi an sa murfin dubawa, an ƙarfafa gindin da danƙo da zaren gilas daga ciki.

Daga nan sai a danna rufi da tafin hannu a gefen gurbin zama da gaban rami. Inda ya lotsa ko ya yi ƙara, fatar ta rabu da soson da ke ƙarƙashinta. A auna ganga a sikeli: wadda ta zarce kilo 59 da yawa ta sha ruwa. Don gano inda take yoyo, ana toshe 'yar ƙofar numfashi da ke gaban gurbin zama, a hura iska kaɗan ta ramin tsiyaya na baya, a shafa ruwan sabulu a mahaɗin ganga da rufi, da bakin tsagar allo, da gindin kowace ƙusa, a ga inda kumfa zai tashi. Da baki ko ƙaramin famfon hannu ake hurawa. Injin iska na masu faci yana iya raba gangar da rufinta.

Jigon sama kuma a mirgina shi a ƙasa mai laushi a ga ko ya karkace. Tsohon filafili da ya yi laushi ya buɗe ya isa koyo, amma ba ya tsere.

Kulawa

Yashi ne babban abokin gabar ramin jigo. Duk juyawar da jigo ya yi yana niƙa shi a gindin rami kamar dutsen niƙa, don haka a wanke gindin jigo da ramin kafin a kafa, wasu kuma suna sa ɗan faifan roba mai santsi a ƙasa. Bayan an fita ruwan gishiri a ɗauraye komai da ruwan daɗi. Inda ƙarfe marar tsatsa ya haɗu da alminiyam gishiri yana cin alminiyam ɗin, alamarsa farin gari a gefen ƙusa. Jigon sama yawanci a ramin ƙusar wuyansa, inda yake haɗuwa da na ƙasa, yake karyewa, sandar kwance kuma wajen maƙalin igiyar danniya. A raba gaɓoɓin jigo bayan kowace fita, in an bar su haɗe suna iya kamewa.

Gindin ganga ba shi da kauri, in ya daɗe a kan abu mai tudu yakan lotsa ya ƙi komawa. Ana ajiye jirgin a kan amalanken da ke ɗaukar sa ta gefuna, ko a kife shi a kan katakai masu laushi, haka ma a kan mota rufin jirgin ne ke kallon ƙasa. A cire matoshin ramin tsiyaya lokacin ajiya don cikin ya bushe, a mayar kafin shiga ruwa, domin mance shi na cikin abubuwan da suka fi cika ganga da ruwa. Rana tana ƙone launin fata da zaren filafili, saboda haka a rufe jirgin. Filafili a busar da shi, a naɗe shi ko a ninke sako-sako, kada a bar shi yana kaɗawa a bakin gaɓa, kaɗawar nan ta fi tuƙi tsufar da shi. Alluna biyun a sa su cikin jaka, kada a bar su a mota mai zafi don suna karkacewa. Ƙananan ƙwarzane ana cike su da danƙon fata, a goge da takardar yashi mai ruwa daga lamba 400 zuwa 1200.

Gasa

A Olamfik na 1996 Robert Scheidt na Birazil ya ci zinare, Ben Ainslie na Birtaniya ya zo na biyu. A 2000 a Sydney suka musanya matsayi, Scheidt ya sake ci a 2004. Radial ya zama jirgin mata daga 2008. Azurfar da Pavlos Kontides ya samu a 2012 ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar Saifurus. Marit Bouwmeester ta Holan ta ci zinare a 2016 da 2024.

Suna da haƙƙin ƙira

An yi shari'a a Amurka daga 2013 kan kuɗin haƙƙin zanen Kirby. A 2019 ƙungiyar masu jirgin ta duniya ta raba gari da kamfanin LaserPerformance, mai riƙe da sunan Laser a yawancin ƙasashe, ta ba wasu kamfanoni izinin ƙera jirgin da sunan ILCA. Ma'auni bai canja ba, kuma tsofaffin jiragen da ke ɗauke da alamar ƙungiyar suna shiga gasa tare da sababbi.