Dogon hutu ya zo yara na gida: me doka ta ɗora wa kansil a Ingila, kuma wa ke bin sawunta?

Duk mai yara a Ingila ya san yadda ƙarshen watan Yuli yake, makaranta ta rufe kusan sati shida, kai aiki na jiranka, yara kuma daga falo sai ɗaki sai waya a hannu har ido ya yi ja. Kwanaki a bakin get ɗin makaranta wata baiwar Allah take ce min ai ita wani saƙo aka turo mata da wata doguwar lamba a ciki, ta ɗauka talla ce ta goge, ashe lambar da za ta yi wa yaranta uku rajistar kulob ɗin hutu ce kyauta har da abincin rana. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don ba ita kaɗai ba ce, da yawanmu muna biyan harajin kansil, wato ƙaramar hukuma, duk wata amma ba mu san abin da ya wajaba kansil ɗin ta yi wa yaranmu ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in warware abin iya yadda na fahimta. Maganar Ingila nake fa, Sikotland da Wales kowa da tsarinsa.

Abubuwa biyu ne mutane ke haɗawa alhali ba ɗaya ba ne. Ɗaya doka ce wadda ba a ware mata kuɗinta ba, ɗayan kuma kuɗi ne wanda ba wata doka da ta tilasta a ci gaba da bayarwa. In ka gane wannan toh sauran duk mai sauƙi ne.

Dokar ita ce sashe na 507B na Dokar Ilimi ta 1996, wanda aka ƙara a ciki a 2006. Abin da ya ce shi ne dole kansil ta tabbatar matasan yankinta suna da isassun abubuwan yi a lokacin da ba sa makaranta, na ƙaruwa da na nishaɗi, da wuraren da za a yi su, don kyautata rayuwarsu. Matasan da ake nufi su ne masu shekara 13 zuwa 19, in kuma matashi na da naƙasa ko matsalar koyo sai a kai shi har 24. Ƙananan da ba su kai 13 ba su ma ba a manta da su ba, sashe na 507A ne nasu, yana maganar isassun wuraren wasa da motsa jiki, har ya ba kansil damar buɗe sansani da azuzuwan hutu da filayen wasa. Kuma ba kowace kansil ce wannan nauyi ke kanta ba, sai wadda ke riƙe da harkar ilimi, don haka in kana zaune inda ake da kansil biyu, ta kaunti da ta gunduma, toh ta kauntin za ka nema.

Sai dai akwai wata jimla a cikin sashen da ta rage masa kaifi, an ce kansil za ta yi hakan ne gwargwadon abin da zai yiwu a hankalce. Kuma dokar ba ta faɗi nawa ne “isassu” ba, ba ta ce cibiyar matasa ɗaya ga kowace unguwa ba, ba ta ce ma'aikaci ɗaya ga yara kaza ba. Toh da aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu daga 2010, kansiloli suka duba suka ga kula da tsofaffi da yaran da ke hannun hukuma ba yadda za a yi a taɓa su, sai wuƙar ta sauka kan harkar matasa. Ƙungiyar YMCA mai hidimar matasa da ta bi lissafin ta nuna kuɗin da ake kashewa a wannan fanni ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari in aka cire tashin farashi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, cibiyoyi ne aka rufe, ma'aikatan da suka san yaran unguwa da sunansu suka watse, kuma irin wannan mutum ba a sake samar da shi cikin shekara guda.

Amma duk da haka sashen na da haƙora a wuri biyu, kuma nan nake so iyaye su riƙe da kyau. Na farko, wajibi ne kansil ta nemi jin ra'ayin matasan da kansu kan abin da ake da shi da abin da suke buƙata, kuma ta yi la'akari da abin da suka faɗa. Ba alfarma ba ce, a rubuce yake. Na biyu, wajibi ne ta riƙa sanar da jama'a abubuwan da ake da su, kuma bayanin ya zama na yanzu ba wanda ya kwana biyu ba. A watan Satumba na 2023 gwamnati ta fitar da sabon jagora kan wannan sashe inda ta ƙara jaddada cewa sai kansil ta tantance buƙatun matasan yankinta, kuma ta iya nuna dalilin da ya sa take ganin abin da ta tanada ya wadatar.

An ma taɓa zuwa kotu a kai. Wani matashi ya kai kansil ɗin North Somerset ƙara kan rage kuɗin hidimar matasa a kasafin 2012, kotun ɗaukaka ƙara a 2013 ta karɓi hujjojinsa cewa ba a bi ƙa'idar jin ra'ayin matasa da ta duba daidaito yadda ya kamata ba, amma ta ƙi soke kasafin saboda shekarar kuɗin ta riga ta wuce. Sai a 2015 Kotun Ƙoli ta ce kansil ɗin ta biya shi mafi yawan kuɗin shari'ar. Kun ga ke nan, yana da gaskiya, amma kafin gaskiyar ta fito an riga an yanke kuɗin. Ni abin da na ɗauka daga wannan shi ne kotu ba ita ce ƙofar farko ba, magana tun ana rubuta kasafi ake yin ta, wajen Disamba zuwa Fabrairu, ba bayan an sa kwaɗo a ƙofar cibiya ba.

Yanzu ɗayan ɓangaren, na kuɗin. Shirin da ake kira HAF, wato ayyukan hutu da abinci, an fara gwada shi tun 2018 a wasu yankuna, sai a 2021 aka baza shi duk Ingila bayan fafutukar da ɗan ƙwallo Marcus Rashford ya yi kan yunwar yara a lokacin hutu. Fam miliyan 220 aka sa a waccan shekarar, daga nan aka ci gaba da fiye da miliyan 200 kowace shekara. Ma'aikatar Ilimi ce ke ba kansil kuɗin da sharuɗɗa, ita kuma kansil ta raba wa masu gudanarwa, makarantu ne, ƙungiyoyin sa-kai ne, kulob ɗin wasanni ne, har da masallatai da coci-coci da ke da shirin yara in sun cika ƙa'ida.

Wa ya cancanta? Yaro daga ajin risefshin, wato ajin shiga firamare, zuwa aji na 11 wanda ke cin abincin makaranta kyauta saboda ƙarancin kuɗin shigar gidansu. A nan mutane ke ruɗewa sosai. Duk yaran risefshin da aji 1 da aji 2 a makarantun gwamnati ana ba su abinci kyauta ko iyayensu nawa suke samu, toh wannan bai sa yaro cikin HAF kai tsaye ba, sai an yi masa rajista a matsayin wanda ya cancanta ta fuskar kuɗi. Iyaye da yawa ba sa cike wannan fom ɗin saboda suna ganin ai yaro na cin abincin dama, sai hutu ya zo a ce babu sunansa. Don Allah a je ofishin makaranta a cike. Ma'aunin da aka sa a 2018 ga masu karɓar tallafin gwamnati na Universal Credit shi ne abin da gida ke samu daga aiki kar ya wuce fam 7,400 a shekara bayan cire haraji, irin waɗannan ma'aunai kuma ana sauya su, shi ya sa tambayar ofishin makarantar ta fi jita-jitar guruf. Kuma 'yan'uwa masu biza mai sharaɗin hana cin tallafin gwamnati, tun 2022 aka buɗe muku ƙofar abincin makaranta kyauta na dindindin in kuɗin shigarku bai wuce wani mataki ba, kar tsoro ya hana ku tambaya. Bayan haka an yarje wa kansil ta yi amfani da har kashi 15 na kuɗin wajen yaran da ba sa cikin jerin amma tana ganin suna da buƙata.

Tsarin da aka gina shirin a kai sati shida ne a shekara, huɗu a dogon hutu, ɗaya a Ista, ɗaya a Kirsimeti, kusan awa huɗu a rana kwana huɗu a sati. Dole a ba da abinci aƙalla sau ɗaya a rana wanda ya kai ma'aunin abincin makaranta, a kula da abin da jikin yaro ba ya so da abin da addininsa ya hana, don haka neman halal ba roƙo ba ne. Dole a yi motsa jiki, a koya wa yara wani abu sabo. Gaskiya awa huɗu ba ta rufe ranar aikin uwa ko uba, wannan kowa ya sani, amma yaron da zai wuni kan kujera gara ya je ya yi iyo ya ci abinci mai zafi ya dawo a gajiye.

Toh wa ke sa ido? A cikin kansil akwai mutum biyu da Dokar Yara ta 2004 ta ce dole a naɗa, daraktan hidimar yara wanda ma'aikaci ne, da kansila guda da ke riƙe da harkar yara a siyasance. Wannan doka ta biyo bayan mutuwar Victoria Climbié ne a Landan a 2000, yarinyar da hukumomi da dama suka gani amma ba wanda ya ɗauki nauyinta, shi ya sa aka ce sai an samu wanda za a nuna da yatsa. Sashe na 11 na dokar ya ce ko kansil ta ba wani kwangilar aikin, nauyin kare yaran bai sauka daga kanta ba. Ke nan ba za ta ce ai ƙungiya kaza ce ta gudanar, babu ruwanmu ba.

Sai kwamitin bin diddigi, wanda ya samo asali daga Dokar Ƙananan Hukumomi ta 2000. Kansilolin da ba sa cikin majalisar zartarwa ne ke zama a ciki. Suna da ikon kiran manyan ma'aikata da 'yan zartarwa su zo su amsa tambayoyi, suna iya dakatar da shawarar da aka yanke amma ba a fara aiwatarwa ba don a sake dubawa, galibi cikin kwana biyar na aiki ya danganta da tsarin kowace kansil, kuma in sun rubuta rahoto dole a ba su amsa cikin wata biyu. Abin da ba su da shi shi ne ikon soke shawara, iyakarsu su mayar da ita su ce a sake tunani. Zamansu a buɗe yake ga kowa, takardun zaman ma ana sa su a shafin kansil kwana biyar kafin ranar.

Na taɓa zuwa irin wannan zama da yamma, kujerun jama'a wajen talatin mu huɗu ne kawai a kai. Jami'i ya karanto adadin yaran da suka halarci shirin hutu, kowa na gyaɗa kai, sai wata yarinya 'yar sakandare daga majalisar matasa ta ɗaga hannu ta ce daga unguwarsu bas biyu ake hawa kafin a kai wurin, kuma ba a biyan kuɗin bas ɗin, shi ya sa ƙawayenta ba sa zuwa. Ɗakin ya yi tsit, shugabar kwamitin ta sa aka rubuta a kawo musu taswirar inda kulob-kulob suke da inda yaran da suka cancanta ke zaune. Tambaya ɗaya ce fa. Irin tambayoyin da ya kamata mu riƙa kaiwa ke nan, yara nawa suka cancanta kuma nawa suka zo, 'yan sakandare nawa ne a ciki tunda su ne aka fi bari a baya, wane tanadi aka yi wa masu buƙata ta musamman. Su iyayen yara masu naƙasa ma akwai wata ƙa'ida ta 2011 da ta wajabta wa kansil samar da hidimar ɗan hutawa ga masu kula da su, har da lokacin hutun makaranta.

Kafin ka ajiye ɗanka a kowane kulob, tambayi ko an yi wa ma'aikatan binciken DBS, wato na duba ko suna da tarihin aikata laifi, wa ke riƙe da harkar kare yara a wurin, wa ya iya taimakon gaggawa. Kar ka ɗauka kowane wuri Ofsted, hukumar da ke duba makarantu da wuraren kula da yara, na dubawa, rajista da su ta zama dole ne galibi ga masu kula da yara 'yan ƙasa da shekara 8 fiye da awa biyu a rana, kuma ko a nan akwai waɗanda aka ɗauke wa. In wani babba ya yi wa yaro abin da bai dace ba, kowace kansil na da jami'in da ake kira LADO mai karɓar irin wannan zargi, in kuma yaro na cikin haɗari a lokacin toh 999 kai tsaye.

Ƙorafi na yau da kullum kuwa, fara da mai kulob ɗin, sannan kansil a rubuce, ka ajiye kwafi da kwanan wata. In sun gama nasu ba ka gamsu ba sai ofishin Ombudsman mai sauraron koke kan ƙananan hukumomi, kyauta ne, amma ana so ka kai cikin wata 12 daga lokacin da ka san matsalar. In lissafi kake son gani ka rubuta buƙata ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2000, kwana 20 na aiki gare su su amsa. Kansilan mazaɓarka kuma sunansa da imel ɗinsa na shafin kansil, ka sa lambar gidan wayarka zai fito, yana iya neman a saka maganarka cikin jadawalin kwamitin.