Ɗora murya: aikin da jarumi yake yi a fim ɗin katun

Idan aka ce wani jarumi ya fito a fim ɗin katun, mutane da yawa a Garwa da Marwa sukan ɗauka kyamara ce ta ɗauke shi, daga baya kwamfuta ta mai da shi zaki ko jaki. A mafi yawan finafinan ba haka ake yi ba. Aikinsa ɗora murya ne kawai: ya shiga ɗakin da aka toshe wa ƙara, ya tsaya gaban makirufo da takarda a hannu, ya faɗi abin da za a ji daga bakin zanen, ya maimaita har mai ba da umarni ya gamsu. Fuska da taku da kaɗa wutsiya na masu zane ne, waɗanda sunayensu ke wucewa a ƙarshen fim bayan kowa ya tashi.

Ɗora muryar nan iri biyu ce, kuma daga nan gardamar wane ne ya yi muryar wane take tasowa. A manyan finafinan Amurka murya ake fara ɗauka tun ba a gama zane ba. Masu zane su saurare ta gaɓa-gaɓa su tsara motsin baki, da yake hotuna 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa. Sukan kalli bidiyon jarumin ma yana magana don su ari ɗaga girarsa. A Aladdin na 1992, Robin Williams ya riƙa zuba barkwancin da babu shi a takarda, masu zane suka bi shi. Sau da yawa kowa shi kaɗai yake shiga ɗakin, wato waɗanda kake jin suna cacar baki ba lalle ne sun haɗu ba.

Iri na biyu shi ne wanda muka saba da shi a finafinan Indiya da ake juyawa zuwa Hausa: fim ya riga ya kammala, sai a cire muryar asali a sa ta wani harshe. Ni a ganina wannan ya fi wuya, domin baki ya riga ya buɗe ya rufe, dole ka auna maganarka ta shiga daidai.

To, mu nan Kamaru da Cadi yawancin katun da Faransanci yake iso mana. Da James Earl Jones ya rasu a watan Satumba na 2024, an yi ta cewa muryar Mufasa ta tafi. Gaskiya ne, shi ya yi Mufasa, sarkin zakuna, a The Lion King na 1994. Amma wanda ya kalli fim ɗin da Faransanci a Ngaundare ko Njamena, Jean Reno ya ji. Kowa da gaskiyarsa, fim ɗin ne ba harshe ɗaya suka kalla ba. Birin da ke cikin fim ɗin kuwa, Rafiki, Med Hondo ne ya yi shi da Faransanci, shi ne kuma jakin da ke fim ɗin Shrek a madadin Eddie Murphy da ya yi shi da Turanci. Med Hondo ɗan Muritaniya ne, shi ya shirya fim ɗin Sarraounia a 1986, kan Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tare rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899 suna kan hanyarsu ta zuwa Tafkin Cadi. Fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1987. Yara da yawa sun san dariyar Med Hondo, ba su san sunansa ba.

Akwai kuma masu rantsuwa cewa muryar yaro sai yaro. Amma Goku, yaron katun ɗin Dragon Ball, mace ce take yin sa a Japan tun 1986, Masako Nozawa, wadda aka haifa a 1936. Dalili a fili yake: shiri yakan ɗauki shekaru, yaro kuwa da ya balaga murya ta fashe. Haka mai magana ba dole ne shi ke waƙa ba. Simba, ɗan Mufasa, yana ƙarami Jonathan Taylor Thomas ke masa magana, Jason Weaver ke masa waƙa.

Inda masu cewa jarumi ne da jikinsa suke da hujja shi ne finafinan da ake ɗaukar motsi. Ana sa wa mutum matsattsun kaya masu ɗige-ɗige, kyamarori su bi tafiyarsa da yatsine fuskarsa, a ɗora wa zanen. Haka Andy Serkis ya yi Kyaftin Haddock a fim ɗin Tintin na 2011. Amma irin wannan ba su da yawa. Kafin ka sa baki a gardamar wane ne ya yi wane, fara tambayar abokin naka da wane harshe ya kalli fim ɗin.