Kamanninka Ba Hujja Ba Ne: Abin da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 Ta Ce Kan Tsayarwa da Kamu

A watan Satumba na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar 'Yan Sanda, wadda ta maye gurbin tsohuwar da asalinta ke komawa 1943, tun zamanin Turawan mulkin mallaka. Ba a cika wata guda ba zanga-zangar EndSARS, ta neman a rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, ta ɓarke, ƙurarta ta rufe labarin dokar. Shi ya sa har yau da yawa daga cikinmu a Kaduna ba mu san akwai wani sashe a cikinta da aka rubuta domin talaka ba.

Sashe na 54 nake nufi. Doka ta ba ɗan sanda ikon tsayar da mutum ya caje shi, amma da sharaɗin yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi. Sai wannan sashe ya zo ya fayyace abubuwan da ba za su taɓa zama dalili ba: launin fatar mutum, shekarunsa, irin askinsa ko gashinsa, da yanayin shigarsa. Haka nan don an taɓa hukunta mutum kan mallakar haramtaccen abu a baya, wannan kaɗai bai isa a sake tare shi ba. Na ƙarshe shi ne ya fi nauyi a wurina: ɗaukar cewa wasu irin mutane ko wani jinsi su ne suka fi aikata laifi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da shingen bincike da yamma, a wajen Kawo ko hanyar Sabon Tasha, ya san abin da ake magana a kai. Mota mai baƙin gilashi za ta zo, a ɗaga hannu, ta wuce. Keke Napep na bayanta za a ce ya faka. A sauko da saurayi mai tarin gashi da yagaggen wando, a karɓe wayarsa a shiga duba hotuna. A sauko da Bafulatani mai malfa da sanda da gora a rataye, a ce ya faɗi daga wane daji ya fito, alhali ƙila maganin shanu ya shigo saya. Idan ka tambayi laifinsu, amsar ba ta wuce "ka dube shi mana". To wannan duban ne doka ta ce ba hujja ba ne. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ma, a sashe na 42, ya hana a bambanta ɗan ƙasa saboda ƙabilarsa, garinsu, addininsa, jinsinsa ko ra'ayinsa na siyasa. Wannan kariya ta mai rawani ce a Rigasa, ta mai sarƙar gicciye ce a Kakuri.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba na raina shi. Jihar da ta ga ta'asar 'yan bindiga a Birnin Gwari, ta ga harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, ba za a ce mata kada ta ji tsoro ba. Amma Dokar 'Yan Sandan ba ta ɗaure wa jami'i hannu ba. Idan an kawo rahoton mutum da siffarsa, ko an ga yana ɓoye wani abu, ko take-takensa sun nuna da walaki, jami'i na da hurumin tsayar da shi. Abin da aka hana shi ne laifin wani ya bi duk wanda ya yi kama da shi. Kuma mutanen da ake wulaƙanta wa 'ya'ya a hanya ba su ne za su kawo rahoton ɓarayi gobe ba.

Kafin a caje ka, jami'in ya kasance cikin kayan sarki ko yana ɗauke da katin shaida a fili, ya faɗa maka sunansa da caji ofis ɗin da ya fito, da abin da yake nema, da dalilinsa. Tambayar waɗannan cikin ladabi ba rashin kunya ba ne.

Idan kuwa abin ya kai ga kamu, nan ma talaka ya fi shan wuya, don shi ne ba shi da wanda zai buga wa waya. An haramta kama wani a madadin wani: ba a tafiya da uwa ko mata ko ƙane don wanda ake nema ya gudu. Ba a kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, wannan maganar kotu ce. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, kuma dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Inda akwai kotu a tazarar kilomita 40, kamar ko'ina cikin garin Kaduna, kwana ɗaya ne wa'adin kai shi gabanta, in ban da laifin da hukuncinsa kisa ne. Duka ko azabtarwa don a tilasta masa amsa laifi, shi kansa laifi ne a ƙarƙashin dokar hana azabtarwa ta 2017.

Beli a hannun 'yan sanda kyauta ne. Kuma dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Jihar Kaduna ta yi irin tata a 2017, ta ce ba a hana mutum tsaya wa wani don kawai mace ce. Mata nawa aka kora daga bakin kanta aka ce su je su nemo namiji, ɗansu ya ƙara kwana a ciki? Dokar ta kuma ɗora wa majistare ziyartar caji ofis aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba waɗanda ake tsare da su.

Wanda aka taka wa haƙƙi ya riƙe sunan jami'in, da wurin, da ranar, da lokacin, da sunan wanda ya gani. Ana kai ƙorafi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda ke da ofis a Kaduna, ko Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, ko sashen karɓar ƙorafi na rundunar kanta. Mara kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Ana kuma iya shigar da ƙara Babbar Kotu, kuma ƙa'idojin shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun yarda ɗan'uwa ko wata ƙungiya su shigar a madadin wanda ke tsare. Idan kotu ta tabbatar an tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 35 ya ba shi haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.