Wa ke da ikon harbin zomo a gonakin Ingila?

Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. A Ingila da Wales, yawancin gudun a kan takarda ake yin sa, tun kafin mutum ya taka gona. Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne dokar ƙasar kusan ba ta ba zomon daji wata kariya ba, hasali ma ta wajabta wa manomi ya rage shi. Duk da haka, wanda ya ji wannan ya saɓa bindiga ya nufi gonar da ya hango zomaye na kiwo da yamma, yana iya kwana a hannun 'yan sanda ko da bai taɓa kunamar bindigar ba. Dokoki iri uku ne suka taru a kan zomo ɗaya: ta ɓarnar amfanin gona, ta ikon ƙasa, da ta bindiga. Kowacce da ƙofarta, kuma buɗe ɗaya ba ya buɗe sauran.

Sai mu fara da sanin wane zomo ake nufi, domin mu suna ɗaya muke kiran su, su kuwa sun raba su biyu. Akwai zomon rami, ƙarami, mai haƙa ramuka a gindin shinge ko gefen tudu ya zauna cikin dangi. Shi ne abin maganarmu. Akwai kuma babban zomon fili, mai dogayen ƙafafu da baƙi a bakin kunne, wanda ba ya shiga rami, a sarari yake kwanciya. Wannan na biyun yana cikin namun farauta da dokar 1831 ta hana kashewa ranar Lahadi da ranar Kirsimeti, kuma wata doka ta 1892 ta hana sayar da shi daga watan Maris zuwa Yuli. Zomon rami bai sami wannan gata ba. Babu watan da aka rufe harbinsa, babu adadin da aka ƙayyade wa maharbi, kuma lasisin farauta da ake yanka a da an soke shi a Ingila da Wales tun 2007.

Zomon rami ba ɗan asalin Birtaniya ba ne. Tun wajen ƙarni na 12 masu hali ke kiwon sa a killace don nama da fata, daga baya ya ɓalle ya bazu cikin gonaki yana cin tsiron alkama da ciyawar dabbobi, yana gwaguyar bawon ƙananan itatuwa. A 1953 cutar miksomatosis ta shigo ƙasar, cikin 'yan shekaru ta kashe kusan kashi 99 cikin 100 na zomayen. Shekara guda da shigowarta aka kafa Dokar Dabbobi Masu Ɓarna ta 1954, wadda ta ba minista ikon ayyana wurare a matsayin yankunan kawar da zomo. Umarnin da aka fitar a 1972 ya sa duka Ingila da Wales cikin wannan yanki, in ban da tsohuwar cibiyar birnin Landan, da tsibiran Scilly, da tsibirin Skokholm. Dokar 1954 ɗin kuma ta haramta yaɗa miksomatosis da gangan, wato ko maƙiyin zomo bai da izinin ɗaukar mai cuta ya saki cikin masu lafiya.

Nauyin yana kan wanda ke riƙe da gonar, ko mai ita ne ko ɗan haya. Dole ya kashe ko ya kama zomayen da ke zaune a ƙasarsa, in hakan ba zai yiwu ba ya hana su ƙetarawa su yi wa maƙwabci ɓarna, misali ta hanyar kewaye wurin da waya. Maƙwabcin da aka cinye wa shuka yana iya kai kuka ga hukumar kula da muhalli ta Natural England idan a Ingila yake. Ana iya aiko wa mai sakaci takardar umarni a ƙarƙashin Dokar Noma ta 1947, in ya yi kunnen uwar shegu a yi aikin a kawo masa lissafi, ko a gurfanar da shi. A lura dai, dokar ba ta ce sai da bindiga ba. Akwai shinge, akwai tarkon da hukuma ta amince da shi, akwai wata 'yar dabba mai kama da tunku da ake zurawa cikin rami ta koro zomaye su faɗa raga. Saboda haka ba wanda zai ce wa ɗan sanda wajabcin kashe zomo ne ya ba shi ikon riƙe bindiga.

A kan maganar ƙasa ne aka fi yin tuntuɓe. A Ingila ikon farauta a kan wata ƙasa abu ne da ake iya raba shi da ƙasar kanta. Mai ƙasa zai iya ba wani hayar gona ya noma, ya riƙe ikon farautar a hannunsa, ko ya sayar wa mutum na uku. Kafin 1880 wannan ya zame wa manoma 'yan haya ƙarfen ƙafa: suna kallo zomaye na cinye musu hatsi, yarjejeniyar haya ta hana su taɓawa, domin mai ƙasa na adana su don nishaɗin kansa da baƙinsa. Gwamnatin Firayim Minista Gladstone ce ta kawo dokar 1880 kan zomon rami da zomon fili, wadda ta ce duk mai riƙe da gona yana da ikon kashe su a gonar, tare da duk wanda ke da ikon farauta, kuma duk wata yarjejeniya da ta nemi ƙwace masa wannan iko ɓatacciya ce. A ganina wannan na cikin dokokin da suka fi yi wa talakan manomi adalci a zamaninta, kuma har yau tana aiki.

Sai dai an ɗaure ta da igiya. Ɗan haya da ba shi da ikon farauta ba zai tara gayya ba. Da bindiga, shi ne da mutum ɗaya tak da ya ba izini a rubuce. Mutumin kuma sai ya kasance ɗan gidansa da ke zaune a gonar, ko ma'aikacinsa na yau da kullum a wurin, ko wanda aka ɗauka da lada musamman don wannan aiki. Idan mai ikon farauta ya tarar da shi ya nemi ganin takardar, dole ya nuna. A ce ɗan haya ya gayyaci abokan aikinsa uku daga gari su zo ranar Asabar su motsa jini, to ya wuce gona da iri a ma'anarta ta zahiri. Wanda ya mallaki gonarsa da ikon farautarta gaba ɗaya, wannan ƙayyadewar ba ta hau kansa ba, yana iya gayyatar wanda ya ga dama. Shi ya sa tambayar da ya kamata maharbi ya yi wa manomi ba ta tsaya ga "ka yarda in yi harbi?" ba, sai an ƙara da "ikon farautar a hannun wa yake?"

Dare ma da nasa hukunci. Zomo da magariba da cikin dare yake fitowa, shi ya sa ake farautarsa da fitila mai ƙarfi. Dokar 1880 ta hana ɗan haya harbi daga awa ɗaya bayan faɗuwar rana zuwa awa ɗaya kafin fitowarta. Dokar Namun Daji ta 1981 ta sassauta, ta ce shi ko mutum ɗayan da ya wakilta suna iya harbin dare idan mai ikon farauta ya amince a rubuce.

Wanda ya shiga ƙasar wani da bindiga ba izini kuwa, maganarsa ta bar saɓanin maƙwabta ta zama laifi. Sashe na 20 na Dokar Bindigogi ta 1968 ya tanadi ɗaurin da ya kai wata 3, ko tarar da ta kai fam 2,500, ko duka biyun, ko da bindigar ba harsashi a ciki, ko da ta iska ce. In yana da uzuri, shi ne zai tabbatar wa kotu. Tsofaffin dokokin satar farauta na 1828 da 1831 su ma suna nan, kuma sun ambaci zomon rami. Hanyar ƙafa ta jama'a da ta ratsa gona ikon wucewa kawai ta ba mutum.

Yanzu bindigar. Raifil, wato doguwar bindiga mai murɗaɗɗen layi a cikin bututu wadda ke jefa harsashi guda zuwa nesa, ba a mallakarta sai da takardar shaidar 'yan sandan yankin da mutum yake zaune. Mai nema zai kawo mutum biyu da suka san shi aƙalla shekara 2, kuma tun Nuwamba 2021 sai da bayanin lafiyarsa daga likita. Ana zuwa gida a duba akwatin ƙarfen da zai kulle ta. Abu mafi nauyi shi ne ya nuna ƙwaƙƙwaran dalili ga kowace bindiga da yake so, kuma rage zomo dalili ne karɓaɓɓe muddin akwai gonar da aka ba shi izini. Takardar tana aiki shekara 5, an rubuta kowace bindiga a cikinta da yawan harsashin da aka yarda ya ajiye. Sabon shiga galibi ana sa masa sharaɗin kada ya yi harbi sai a ƙasar da 'yan sanda suka amince ta dace da girman bindigarsa, sai ya goge ake sakar masa ya auna da kansa. Riƙe raifil ba takarda na iya kai mutum gidan yari har shekara 5. Akwai 'yar ƙofa ga mai son gwadawa: ɗan shekara 17 zuwa sama na iya aron raifil a ƙasar da ba ta jama'a ba, matuƙar mai ita yana da takarda, yana da ikon ba da izini a wurin, kuma yana tare da shi.

Bindigar iska, mai tura 'yar ƙwayar dalma da ƙarfin iska maimakon albarushi, ita ce mafi yawan mutane ke farawa da ita, domin a Ingila da Wales ba ta buƙatar takarda idan ƙarfinta bai wuce kimanin jul 16 ba (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne). Da ta haura haka ta koma sahun raifil. Rashin takarda ne ke sa wasu ɗaukarta abin wasa, alhali dokar kutse da ta yawo da makami a bainar jama'a duk sun shafe ta. Sai ɗan shekara 18 zai saya. Daga 14 zuwa 17 yaro na iya amfani da ita a ƙasar da aka ba shi izini, wanda bai kai 14 ba sai da babba ɗan shekara 21 ko fiye a kansa. Wanda aka taɓa yanke wa ɗaurin shekara 3 ko fiye ba ya taɓa kowace irin bindiga har abada, har da ta iska, wanda hukuncinsa ya kama daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 3 kuma sai ya jira shekara 5. Da an ƙetara zuwa Scotland lissafin ya canza, can tun ƙarshen 2016 bindigar iska ma sai da lasisi.

Saura inda harsashi zai sauka. Ƙaramin harsashin raifil da ake kira .22, wanda aka fi harbin zomo da shi, yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, kuma ya yi suna wajen dukan dutse ko busasshiyar ƙasa ya karkata. Zomon da ke zaune a kan tudu, bayansa sai sararin sama, gogaggen maharbi ƙyale shi yake yi, domin bai san abin da ke bayan tudun ba. Ana neman inda ƙasa mai laushi za ta haɗiye harsashin in an kuskure. Dokar Manyan Hanyoyi ta 1980 ta sa laifi ne harbi a cikin ƙafa 50, wato wajen mita 15, daga tsakiyar titin mota idan hakan ya raunata mai wucewa, ko ya tare shi, ko ya jefa shi cikin haɗari. Mutane da yawa na zaton wannan cikakken hani ne, alhali laifin ya rataya ne a kan abin da ya sami mai bin hanya. Ga bindigar iska kuwa, ƙwayar da ta tsallake iyakar gonar da aka ba ka izini laifi ce da kanta, sai in maƙwabcin ya yarda.

Kariyar da ta rage wa zomo ita ce kada a azabtar da shi. Dokar kare dabbobin daji ta 1996 ta haramta dukan dabbar daji, ko ƙona ta, ko nutsar da ita, ko jifan ta, da niyyar wahalar da ita ba dalili, kuma ɗaurin na iya kaiwa wata 6. Baka da kibiya haramun ne ga kowace dabbar daji. Dokar 1996 ɗin ta ware wanda ya raunata zomo a harbin halal sannan ya ƙarasa shi da gaggawa, wannan ba laifi a kansa. Masu bindigar iska kan tsaya a tazarar mita 30 ko ƙasa, su auni kai, don kada a kai ga haka.

Wani lokaci kuma ana kaiwa. Zomo ya ji rauni, ya ja jiki ya bi ta ƙarƙashin waya ya kwanta a gonar maƙwabci, taku biyar daga inda maharbi yake tsaye. Tausayi na cewa a bi shi, amma tsallaka shingen da bindiga a hannu shiga ƙasar wani ne da makami, harbo shi daga wannan gefen kuma harbi ne cikin ƙasar da ba a ba ka ba. Waɗanda suka daɗe a harkar tun ranar da suka karɓi takardar izini suke neman manomi ya zagaya da su ya nuna musu iyaka, su kuma je su gaisa da maƙwabcin su karɓi lambar wayarsa.