Tallafa wa manya masu buƙata ta musamman a Legas

Tallafa wa manya masu buƙata ta musamman na nufin hidimomin da ke ba baligi mai naƙasa damar ci gaba da rayuwa a cikin jama'a, kamar magani, kayan taimakon tafiya, koyon sana'a, sufuri, aikin yi da kariyar doka. A Legas hidimomin suna zuwa ne daga gwamnati, da ƙungiyoyin naƙasassu, da kuma tsarin gargajiya da Hausawa mazauna birnin suka zo da shi daga Arewa.

Doka da hukumomi

Jihar Legas ta riga tarayya yin dokar naƙasassu. A shekarar 2011, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, aka kafa dokar mutane na musamman, wadda ta haifar da hukumar LASODA mai yi musu rajista da bin kadin haƙƙinsu. A 2016 gwamnatin Akinwunmi Ambode ta ware asusun naira miliyan 500 domin tallafa musu. Dokar tarayya kuwa sai a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya mata hannu. Ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya nuna wa naƙasasshe wariya, da naira miliyan 1 idan kamfani ne, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. An bai wa gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a 2024, amma har yanzu mai keken guragu yakan isa ƙofar banki ko ofis ya tarar da matakala, sai ya jira wanda zai ciccibe shi.

Cibiyoyi

Asibitin ƙashi na Igbobi yana haɗa ƙafa da hannun roba, asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba yana kula da masu larurar tabin hankali, a Oshodi kuma akwai cibiyar koya wa makafi sana'a. Sai dai yawancin makarantu da gidajen kulawa na birnin, irin su makarantar makafi ta Pacelli a Surulere, yara suke karɓa. Wanda ya makance yana ɗan shekara 40, ko ɗan acaɓan da haɗari ya taɓa masa laka, ƙofofin da zai ƙwanƙwasa kaɗan ne.

Tsarin Hausawa

Mafi yawan tallafin da naƙasasshen Bahaushe yake samu a Ikko daga 'yan'uwansa yake fitowa. A Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Ebute Metta, sun zauna ne rukuni-rukuni kamar yadda aka saba a Kano ko Katsina: makafi da Sarkin Makafi, guragu da Sarkin Guragu, kutare da nasu sarkin. Baƙo idan ya sauka daga mota, wurin sarkin rukuninsa ake kai shi. Shi zai nema masa makwanci, ya sasanta rigima, ya sa a yi karo-karo idan ciwo ya kwantar da mutum, ya tsaya a yi sutura idan rai ya yi halinsa. Mata suna adashi, ana aure da suna a tsakaninsu. Wurin da aka fi gani da ido shi ne gidan gajiyayyu na Okobaba a Ebute Metta, inda iyalai da yawa suke zaune cikin cunkoso, wasu 'ya'yansu ma a nan aka haife su.

Wannan tsari ya rufa wa mutane da dama asiri, ya kuma cancanci a ɗauke shi da daraja. Rauninsa shi ne ya dogara ƙwarai da bara da sadakar Juma'a. Gwamnatin jihar tana hana bara a titi, wanda aka kama akan kai shi cibiyar gyaran hali ta Majidun da ke Ikorodu. Yaron da ke yi wa makaho jagora kuwa, kowace ranar fita bara rana ce da bai je makaranta ba.

Ba kowa ne ke bara ba. Akwai masu gyaran takalma, masu ɗinki, masu tireda da masu sayar da katin waya. Daga cikin waɗanda shan-inna ta taɓa ne Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, wasan da ake yi a zaune kan katako mai taya ana buga ƙwallo da hannu, wanda daga baya ya bazu a jihohin Najeriya.

Giɓin da ke tsakani

Babbar matsalar ita ce tsarin gwamnati da na gargajiya ba su cika haɗuwa ba. Takardun rajista da Turanci suke, sanarwa ma da Turanci ko Yarabanci, ana kuma neman shaidar zama a jihar daga mutumin da ba shi da takamaiman adireshi. Saboda haka mutum yana da haƙƙi a doka amma bai san da shi ba. Kurame abin ya fi yi musu tsanani: wanda ya tashi da maganar hannu ta ƙasar Hausa, idan ya je asibiti ya yi sa'ar samun tafinta, tafintan da maganar hannu ta makaranta yake aiki, wadda asalinta daga Amurka take, kuma ba lalle su fahimci juna ba.

Hanyar da ta fi kusa ita ce a bi ta hannun sarakunan rukunoni da limaman unguwa, a kai rajista har Okobaba da Agege cikin harshen Hausa, a kuma karkatar da wani kaso na zakka zuwa jari da keken guragu. Ƙungiyar JONAPWD, wadda ta haɗa rukunonin naƙasassu na ƙasa, tana da reshe a jihar da zai iya zama tsani tsakanin sarakunan da LASODA.