Daga Korar Amadu Baba Zuwa Gidajen Rediyon FM: Yadda Gana Ta Bi Da Kalaman Ƙiyayya

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, ko wani mai wa'azi ya saki baki a kan wata ƙabila ko wani addini, tambaya ɗaya ce ke yawo a majalisun shayi na Nima da Mamobi da Aboabo, unguwannin zango na Akra da Kumasi a Gana: me ya sa ba za a kama shi ba? Amsar tana da tsawo, kuma mutanen zango sun fi kowa dalilin saninta, domin dokokin farko da aka yi a ƙasar nan da sunan hana wariya a kansu suka fara sauka.

A farkon shekarun 1950 aka kafa jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ƙarfinta ke zangunan Akra da Kumasi, ta kuma haɗa kai da jam'iyyar NLM ta yankin Asante wajen adawa da jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah. Watanni kaɗan bayan samun 'yancin kai a Maris 1957, gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Larden zuwa Najeriya. Sun je kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu don a datse shari'ar. A ƙarshen shekarar aka zartar da dokar hana wariya, wadda ta haramta duk jam'iyyar da aka gina kan ƙabila, addini ko yanki. A takarda abu ne mai kyau, kuma ruhinta yana nan a sashe na 55 na kundin tsarin mulkin 1992. A aikace kuwa, 'yan adawa ne suka ji a jikinsu: MAP ta narke cikin jam'iyyar haɗaka ta UP, sannan a 1958 dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba ta biyo baya.

Abin da ya fi wannan ciwo ya zo ranar 18 ga Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Kafin umarnin, an daɗe ana faɗa a kasuwa da jarida cewa baƙi ne suka cinye ciniki, su ne masu laifi. Yarbawa, Hausawa, Zabarmawa da Mosawa suka sayar da gidaje da shaguna a wulakance, har da waɗanda a nan aka binne cibiyarsu. Najeriya ta yi irin nata a 1983, ta kori mutanen Gana kusan miliyan ɗaya. Masu goyon bayan a taka wa kalaman ƙiyayya birki suna kafa hujja da 1969, cewa magana ce ta share fage. Masu tsoron ba gwamnati sanda su ma da ita suke kafa hujja, cewa ai gwamnati ce ta yi korar. Kowannensu yana da gaskiya.

A waje ma ba a zama ɗaya ba. Kotun ƙolin Amurka ta yanke a 1969, a shari'ar wani jagoran ƙungiyar wariyar fata ta KKK, cewa ba a hukunta magana sai in an yi ta ne don tunzura mutane su karya doka nan take, kuma akwai yiwuwar hakan ta faru. Jamus, saboda tarihin 'yan Nazi, tana ɗaure mutum kan musanta kisan kiyashin Yahudawa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da siyasa, wadda Gana ta amince da ita a 2000, ta tsaya a tsakani: sashe na 19 ya kare faɗin albarkacin baki, na 20 ya ce a haramta yaɗa ƙiyayyar ƙasa, launi ko addini idan ta kai ga tunzura wariya, gaba ko tashin hankali.

Kundin 1992 ya fi kusa da wannan. Sashe na 21 ya raba abubuwa biyu da mutane ke yawan cakuɗawa: 'yancin tunani da imani, da 'yancin magana. Abin da mutum ya ƙudurta a zuciyarsa, ko da muninsa ya kai ina, babu ɗan sandan da zai bincika. Wanda ya yi imani cewa addinin maƙwabcinsa ɓata ne, ko ya ƙi aurar da 'yarsa ga wata ƙabila, ana iya ganin baƙinsa, amma bai karya doka ba. Sai dai sashen ya ba da damar yin dokar kare jama'a daga koyarwar da ke tunzura ƙiyayya ga wasu 'yan ƙasa, kuma sashe na 17 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, addini, jinsi ko launi. Wato da zarar aƙidar ta fito daga zuci ta zama kira, ko ta zama hana wani haƙƙinsa, hukunci ya canza.

Rediyo ne ya mayar da batun na yau da kullum. A 1994 aka rufe Radio Eye, wata tasha mai zaman kanta a Akra, jim kaɗan bayan buɗe ta, amma daga 1995 tashoshi masu zaman kansu suka fara samun lasisi, yau ga ɗaruruwansu, da Twi da Ga da Hausa da Dagbani. A wannan 1994 ɗin ne tashar RTLM ta Ruwanda ta riƙa karanta sunayen waɗanda za a kashe, kuma a 2003 kotun duniya da ke Arusha ta ɗaure jagororinta. A 2001 gwamnatin John Kufuor ta soke dokar da ke mai da ɓata suna laifin ɗauri. Abin da ya rage a hannun 'yan sanda shi ne sashe na 207 na dokar laifuka ta 1960, kan zagi ko barazanar da ka iya kawo hargitsi, da na 208 kan yaɗa labarin ƙarya mai firgita jama'a, sai sashe na 76 na dokar sadarwa ta 2008, mai ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5.

A nan gizo ke saƙa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta don kalaman ƙiyayya, shi ya sa suke kama wanda bai kamata ba, su saki wanda ya kamata. Ɗan jaridar da ya taɓa babban mutum zai kwana a caji ofis kan labarin ƙarya, mai kiran waya da ya shafe rabin awa yana kiran Fulani duka ɓarayi kuwa zai koma ya ci abincinsa. A Afrilu 2012 an kama wani ɗan majalisa kan kalaman da ya yi a rediyo game da ƙabilun Ga da Ewe, aka fara da tuhumar cin amanar ƙasa, wadda ta yi wa laifin girma, daga baya aka sassauta, kuma bai shiga gidan yari a kanta ba. A 2016 kotun ƙoli ta ɗaure mutum uku na tashar Montie FM wata 4 saboda barazanar kisa ga alƙalai, ta hanyar laifin raina kotu, sannan Shugaba John Mahama ya yafe musu sauran wa'adin. A shekarar ne kuma kotun ta soke ƙa'idar da Hukumar Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa ta kawo ta neman izini kan abin da za a watsa, ta ce tace labarai ne. Hukumar dai sasanci take yi, ta sa a ba da haƙuri ko a ba wanda aka taɓa damar mayar da martani. Lasisin mita yana hannun Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCA.

Ma'aunin da ya fi amfani shi ne na Rabat na 2012, wanda ƙwararru suka tsara a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ana duba halin da gari yake ciki, da matsayin mai maganar, da nufinsa, da abin da ya faɗa da salon faɗarsa, da nisan inda ta kai, da yiwuwar ta haifar da ɓarna. Da wannan za a ga bambancin malamin da ke raddi ga wata ɗariƙa da hujjojin littafi a zaurensa, da wanda ya ɗaura lasifika ya ambaci masallacin da za a je bayan Juma'a. Waɗanda suka ga rigingimun Tijjaniyya da Ahlus Sunna na shekarun 1990 a Wenchi da Kumasi sun san cewa saɓanin aƙida ya girme su da shekaru masu yawa. Abin da ya sauya shi ne wa'azin fili da ke kiran suna.

Mafi yawan wutar da aka kashe a ƙasar nan, ba a kotu aka kashe ta ba. A Janairu 2019, bayan wani fasto ya yi hasashen mutuwar Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, matasa suka far wa cocinsa a Akra. Shehu ya ce a yafe, kuma a Afrilun shekarar, yana cika shekara 100, ya je cocin Katolika na Christ the King. Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa, da aka kafa da doka a 2011, da sarakunan zango, da cibiyar kafafen watsa labarai ta Afirka ta Yamma, MFWA, da ke bin shirye-shiryen rediyo lokacin zaɓe tana wallafa sunayen tashoshi da masu zagi, duk aikin da suke yi ke nan. Rauninsu shi ne ba sa cizo: wanda ba ya jin kunya, jerin sunaye talla ce a wurinsa.

Ga wanda ke son kai ƙara, abin da ke rusa ƙorafi sananne ne. Ana zuwa da guntun murya na daƙiƙa 30 da aka tura ta WhatsApp, ba rana, ba sunan shiri, ba abin da aka faɗa kafinsa da bayansa, sai lauya ya ce an yanke ne. A nemi cikakken shirin, a rubuta tasha da rana da lokaci, a ajiye asalin saƙon a wayar da ya fara shiga. Kotu da Turanci take aiki, don haka maganar da aka yi da Hausa ko Twi sai an rubuta ta yadda take, an fassara, kuma habaici da zambo su ne suka fi zubewa a hanya. Ana bukatar tafintan da zai iya tsayawa ya bayyana wa alƙali abin da mai sauraro a Aboabo ya fahimta da jimlar. In kuwa wariya ce a wurin aiki ko makaranta, kamar hana hijabi ko salla, hanyar ita ce hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ ko Babbar Kotu ƙarƙashin sashe na 33, ba ofishin 'yan sanda ba.